Ƙwallo Ta Faɗi Ƙasa: Laifin Wa?

Wani dare da aka ɗauke wuta, abokin ɗakina ya miƙo min wayarsa yana dariya: "Kalli ƙarti biyu sun tsaya, ƙwallo ta faɗi a tsakaninsu!" Wasan besbol ne na Amurka. Bidiyon nan ya cinye min kwana uku da ya kamata in ba aikin kammala difloma.

A besbol, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda ya buga. In ta tashi sama aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai sanda ya fita. In ta faɗi, ya ruga ya kama zangon farko. To, ƙwazonsa ne ya kai shi, ko sakacin mai tsaron fili? Ba alƙalin wasa ke yanke wannan ba. Akwai wani mutum daban a saman filin, marubucin wasa, shi ke rubuta "bugu mai kyau" ko "kuskure". Hukuncinsa ba ya canza cin da aka yi, amma yana shiga lissafin ɗan wasa, kuma da lissafin nan ake cinikin albashi. Kamar dai gardamarmu a gidan kallo kan ƙwallon da ta daki ƙafar mai tsaron baya ta shige raga.

Ma'aunin doka shi ne: shin matsakaicin ɗan wasa a wannan gurbi zai cafe ta da ƙoƙari irin na yau da kullum? In eh, kuskure ne, ko da bai taɓa ta ba. Amma a aikace, marubuta sun saba ba mai sanda duk ƙwallon da ba ta taɓa safar hannu ba, musamman in rana ko fitila ta kashe wa mai tsaro ido.

Bidiyon namu na ranar 9 ga Mayu, 2014 ne. Yu Darvish, ɗan Japan mai jifa wa Texas Rangers, ya fitar da mutum 20 na Boston Red Sox a jere. A zagaye na bakwai David Ortiz ya buga ƙwallo sama, Alex Rios da Rougned Odor kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ta faɗi. Marubucin ya ɗora wa Rios kuskure, don haka Darvish ya ci gaba da neman wasan da ba a yi masa bugu mai kyau ko ɗaya ba, abin da masu jifa da yawa ke yin ritaya ba su samu ba. Saura mutum ɗaya a tashi, Ortiz ɗin nan dai ya yi bugu mai tsabta ya rushe mafarkin. Duk da haka ya ɗaukaka ƙara kan na farkon, bayan 'yan kwanaki hukumar gasar ta mayar da shi bugu mai kyau.

Ni ina bayan marubucin, domin abin da doka ta rubuta ya bi. Abokin ɗakina ya ce wanda bai taɓa ƙwallo ba ba shi da laifi. Har yau ba mu shirya ba.