Hanwa: Gari Na Faɗaɗa, Wayar Lantarki Na Neman Hanya

Hanwa tana kan titin Sakkwato, tsakanin Sabon Gari da Samaru, kusa da gadar Kwangila inda motocin Kano da Kaduna da Funtuwa ke rabuwa. Dattawan unguwar sun san lokacin da dawa da masara ke rufe mutum a wuraren da yau suka zama layuka. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a 1964 ya jawo ma'aikata da ɗalibai, gonaki suka koma fulotai, Hanwa Lokos da Hanwa Maƙera suka cika suka batse.

Rayuwar unguwar a rataye take a jikin falwaya. Mai walda yakan ɗaure ƙarafan ƙofa tun safe, ya zauna a benci yana kallon ƙwan fitilar da ya bari a kunne don ya ba shi labari. Mai niƙa ya jera robobin masara a layi, mai ƙanƙara na buɗe firiza yana taɓa ledojin da hannu, mai cajin waya kuma ya tayar da ƙaramin janareta yana lissafin kuɗin fetur. Da yara sun kwashe da ihun "An kawo wuta!" sai kowa ya miƙe. Har yau Nepa ake cewa, ko da yake kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wutar, kamfanin TCN kuma ke dakon ta a manyan layuka.

Wutar daga nesa take zuwa. Daga madatsun Kainji da Shiroro takan iso tashar Mando a Kaduna, daga nan babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 ya ratsa ƙasar Zazzau zuwa Kumbotso a Kano. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke tasowa daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Tela a Hanwa ya gane a lokacin cewa turken da aka kayar a dajin jihar Neja yana iya hana shi cika alkawarin ɗinki.

Tun kafin wannan, a 2019, Bankin Raya Afirka ya amince da bashin dala miliyan 210 don faɗaɗa manyan layukan Najeriya. A ciki akwai gina sabon layin Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 200, da sabuwar babbar tasha a Zariya. Labari ne mai daɗi ga mai walda. Ga manomin da waya za ta bi ta kan gonarsa kuwa, nan magana take farawa.

Injiniya layi miƙaƙƙe yake so, domin kowace kwana tana buƙatar turke mai ƙarfi da tsada. Sai dai ƙasa ba takarda ba ce. Akwai fadama da ba ta riƙe ginshiƙi, akwai maƙabarta, akwai burtali, kuma a Zariya akwai filin jirgin sama da dole dogayen turaku su kauce wa hanyar saukarsa. Bayan an zana hanya sai safiyo ya fito da na'urarsa mai ƙafa uku, a binne ƙananan duwatsun siminti, a shafa jan fenti a bangon duk gidan da abin ya shafa. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 50 ga layin 330, mita 30 ga na 132, mita 11 ga na 33. A cikin wannan tazara ba gini, ba dogayen itatuwa.

Ranar ƙidayar diyya ake ganin rai. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka abin da ke kan fili ake biya: gini, rijiya, amfanin gona, mangwaro, ɗorawa. Dattijo zai tsaya gaban mai unguwa, hula a hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin masarar bana aka rubuta mini. Ta baɗi fa?" Gonar gado da ba a raba ba takan tayar da tsohuwar rigima tsakanin 'yan uba. Wanda ya ari gona shi ya shuka, amma sunan mai gona ne a takarda. Mata masu gado sau da yawa sai an gama rabo suke jin labari.

Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin layi zai wuce, wasu kan kafa tubali cikin dare don su shiga lissafi. Inda aka daɗe da biyan diyya kuma, dillalai kan dawo da awon igiya su sayar wa baƙo fuloti a ƙarƙashin waya da araha. Shi ya sa a gefen garuruwanmu za ka ga shago da rufin kwano, waya na tsirtu a samansa da damina, mai gini na ɗaga rodi tazarar taku kaɗan da ajalinsa.

Abin da ya faru da gonakin Hanwa cikin shekara hamsin shi ke jiran ƙauyukan da sabon layi zai ratsa. Dajin da safiyo ya gani yau, unguwa ce gobe. Don haka hukuma ta zauna da jama'a kafin a binne dutse, ta yi bayani da Hausa, ta biya diyya kafin a kawo motar haƙa, kuma garin da waya ta bi ta kansa a sauke masa taransifoma. Masu unguwanni su daina sa hannu a cinikin filin da ke ƙarƙashin waya. Kai kuma mai neman fuloti, kafin ka biya kuɗi, ɗaga kai ka dubi sama.