Ragi a Zanen Fili: Misalin Gawon Magariya

Abin da muke son nunawa shi ne, mai zanen da ya rage kayan hotonsa ya dogara ne ga sanin mai kallo. Tsakanin 1808 da 1810, Bajamushe Caspar David Friedrich ya zana wani mai zaman zuhudu shi kaɗai a bakin teku. Binciken da aka yi wa zanen a Berlin ya gano jiragen ruwa ƙarƙashin fenti, waɗanda shi da kansa ya shafe. Saura rairayi da ruwa da sararin sama, ido ya rasa madafa, kaɗaici ya kama mai kallo.

A karkarar Magariya da Dungas, hazon hunturu kan yi irin wannan shafewa, ya bar gawo ɗaya tsaye cikin gona. Sai dai itacen yana da tarko: da rani yake kore, da damina yake kaɗe ganye. Baƙo zai ga gawo ba ganye ya tuna fari da yunwa, alhali manomin Dungas damina ya gani. Don haka, a ganinmu, duk abin da mai zane zai rage a nan, kada ya rage launin ƙasar gindin gawon, domin ita ke faɗa wa baƙo lokacin.