Daga buhun yuriya zuwa ajin kemistiri

Da damina ta kankama a Karaye da Rogo, masara ta kai gwiwa, zancen manoma ɗaya ne: nawa buhun yuriya yau? Ɗalibin sakandaren da ke taya mahaifinsa zuba takin nan da wuya ya san cewa fararen ƙwayoyin da ke hannunsa su ne mafarin darasin da ya fi jin tsoro, wato kemistirin oganik.

A farkon ƙarni na 19, masanan Turai sun ɗauka cewa sinadarai irin su sukari da kitse, jikin mai rai kaɗai ke iya haɗa su. A 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya ɗumama wani gishiri mai suna amoniyam sayanet, sai ga yuriya, wadda a da sai daga fitsari ake samunta. Tsohon ra'ayin bai mutu nan take ba, amma daga nan ya fara tangal-tangal. Yau fannin ya zama nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon.

Me ya sa kabon? Hannu huɗu gare shi, kamar yadda August Kekulé ya bayyana a 1858, kuma yana iya riƙe ɗan'uwansa su yi doguwar sarƙa ko zobe. Ɗalibin da ya riƙe wannan ya rage wa kansa hadda. Kabon ɗaya, ba kowane hannu haidirojin guda, ka sami metan, CH4. Kabon biyu su riƙe juna, saura hannu shida, ka sami etan, C2H6. Na uku da na huɗu, furofan da butan, su ne ke cikin tukunyar gas ta girki. Dokar da ake haddacewa, CnH2n+2, ƙidayar hannuwan nan ce kawai. Sarƙar na ƙara tsawo, abin na ƙara nauyi: fetur ɗin da masu noman rani ke zuba wa injin ban-ruwa a gefen madatsar Challawa, sai kalanzir, sai dizal, har a kai ga kwalta.

Sai aisoma, inda da yawa ke tuntuɓe. Gishirin Wöhler da yuriyar da ta fito kayan haɗinsu ɗaya ne: kabon 1, haidirojin 4, naitirojin 2, oksijin 1. Tsarin zaman ƙwayoyin ne ya canja, hali ya canja.

Akwai kuma 'yan guntayen da ke maƙale a jikin sarƙa su ba ta hali. In OH ne, an shiga dangin etanol. In COOH ne, an shiga dangin masu tsami, irin na tsamiya da lemon tsami. Mai dafa sabulu da mai da ruwan toka ma wannan babin take aikatawa, ko da ba ta taɓa zaman aji ba. A ganina, malamin da ya shiga aji da tsamiya da sabulu ya fi wanda ya cika allo da sunaye.

Ita yuriyar buhu daga iskar gas take farawa. Masana'antar Ɗangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2022 tana ciro haidirojin daga metan, ta haɗa shi da naitirojin na iska ya zama amoniya, sannan a yi yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. A gona kuwa baya ake komawa: ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su farfasa ta, amoniya ta fito. In a saman ƙasa aka watsa ta, rana ta buɗe babu ruwan sama, wani kaso zai bi iska. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona rami nesa kaɗan da gindin masara, a zuba, a rufe.