An Karanta Asirin Ƙwaron Wake

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a Dagumawa, ta ƙasar Wudil, ya san ɓarnar ƙwaron wake. Macen takan fara saka ƙwai tun wake yana gona. In tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta huda ƙwaya ta shige, ta yi ta ci daga ciki. Kafin wata guda ta zama ƙwaro, ya fito, shi ma ya hayayyafa. Wake mai huji kuwa ba ya daraja a kasuwar Wudil ran Juma'a.

To, masana sun bi wannan maƙiyi har asalinsa. Kowane mai rai yana ɗauke da wani rubutu mai haruffa iri huɗu a cikin ƙwayoyin jikinsa. Daga iyaye ake gadonsa, shi ke tsara siffa da hali. A 2008 aka karanta na jan ƙwaron nan mai shiga gari. A 2019 kuma masanan Jami'ar Uppsala, ta ƙasar Suwidin, suka karanta na ƙwaron wake, suka tarar haruffansa sun kai wajen miliyan 1,000.

Watakila wani ya ce, ina ruwan manomi da wannan? Ga amsa. A 2012 masana a Ostareliya suka gano gurbin da in ya sāke a rubutun ƙwaron gari, sai ya jure hayaƙin fosfin, wanda ake turara hatsi da shi. Masu juriya su ke saura, su haifi irinsu. Ashe yawan zuba magani yana iya ƙarfafa zuriyar ƙwaro, ga kuma haɗari ga mai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari.

Amma ƙwaro, komai taurin kansa, ba ya rayuwa sai da iska. Wannan ita ce hikimar buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta shiga yaɗawa a ƙasashenmu tun 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a duba kada leda ta huje, a ɗaure kowace dabam.

Muna roƙon malaman makaranta su gwada wa yara da kwalba biyu, ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe. Akawuna kuma su isar wa dagatai tun kaka ba ta zo ba. Tun ran gini, ran zane.