Tsofaffin Hotunan Gine-ginen Tarihi na Zariya da Muhimmancin Adana Su

Birnin Zariya, cibiyar Masarautar Zazzau a Jihar Kaduna, yana daga cikin garuruwan ƙasar Hausa da suka yi fice wajen ginin ƙasa. Sai dai kamar yadda kowane magini ya sani, ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. Idan damina biyu ko uku suka wuce ba a taɓa shi ba, sai zanko ya zube, indararo ya toshe, ruwa ya sami hanyar shiga azara. Saboda haka da yawa daga cikin soraye da zaurukan da iyayenmu suka tashi suka gani, yau ba a inda za a same su sai a hoto. A wannan shafi za mu yi bayani a kan irin waɗannan hotuna, da gine-ginen da suke nunawa a cikin birni da Tudun Wada da Wusasa, da kuma yadda ake gane shekarunsu da yadda ake adana su.

Babban Masallacin Juma'a

Babu ginin da ya fi nuna mana darajar tsohon hoto kamar Babban Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. An gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin da ya jagoranci aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a cikin birni. Da tubali da azara ya ɗaga bakan gizo masu tsawo a kan manyan ginshiƙai, ya ɗora tulluwa a kansu, sa'an nan aka yi wa ginshiƙan zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya. Labarin baka yana cewa da dare yake aikinsa don kada a ga sirrinsa. Mu dai abin da muke iya shaidawa shi ne abin da hannunsa ya bari, kuma masana gine-gine na ciki da wajen ƙasar nan sun sa wannan masallaci a sahun gaba na ginin Hausa.

Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland mai suna Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi aiki da sashen kula da kayan tarihi na Nijeriya tun daga ƙarshen shekarun 1950, ya auna masallacin ciki da waje, ya zana taswirarsa, ya kuma ɗauki hotunansa. Wannan aiki ya zo a kan kari, domin a shekarun 1970 an yi wa masallacin babban sauyi: aka rushe wasu sassa na harabar, aka kewaye tsohon ɗakin salla da sabon gini na siminti. Tun daga lokacin, duk wanda ke son ganin yadda rufin masallacin yake daga waje, da tulluwarsa da ƙofofin shigarsa da wuraren alwala, dole ya koma ga hotunan da aka ɗauka kafin wannan sauyi. Da waɗannan awo da hotuna ne aka gina kwatankwacin masallacin a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. An buga aikin Dmochowski cikin littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa.

A ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin tsohon ginin ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an lura da tsagewar bango kwana guda kafin abin ya faru, ana shirin kiran masu gyara. Daga bisani aka ƙaddamar da gidauniyar sake gina masallacin. Abin lura a nan shi ne, a duk muhawarar da ta biyo baya a kan abin da ya kamata a maido da abin da za a sauya, hujjar da kowa yake komawa gare ta ita ce tsofaffin hotuna da zane-zanen awo. Tunanin mutum yana iya cewa ginshiƙi kaza yana da zane kaza, wani ya musa. Hoto kuwa yana raba gardama.

Wusasa

A yammacin birni, kusa da Dutsen Kufena, akwai garin Wusasa. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, har zuwa lokacin da aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. A nan aka gina Cocin Saint Bartholomew, kuma abin sha'awa shi ne da ƙasa aka gina ta, bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizo da kaurin bango irin na soron sarakuna. Wanda ya ajiye hoton cikin wannan coci kusa da hoton cikin Masallacin Juma'a zai ga cewa sana'a ɗaya ce ta haifi gine-ginen biyu, ko da yake kusan shekara ɗari ne a tsakaninsu. A makarantar wannan mishan ce Janar Yakubu Gowon ya yi karatunsa na farko. Da yake 'yan mishan mutane ne masu aika rahoto da hotuna gida, Wusasa ta fi yawancin unguwannin Zariya samun hotunan farkon kafuwarta, kuma takardun CMS suna ajiye a Jami'ar Birmingham da ke Ingila.

Tudun Wada da kewayenta

Tudun Wada ba ta da tsufan birni. Ta kafu ne a wajen ganuwa, daura da Ƙofar Doka, a farkon mulkin Turawa, bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911, ta zama mazaunin baƙi 'yan Arewa waɗanda aiki ko kasuwanci ko neman ilmi ya kawo su. Wannan ne ya sa mutane da yawa ba sa ɗaukar gine-ginenta a matsayin kayan tarihi. A ganinmu wannan kuskure ne, domin wani babban ɓangare na tarihin boko da aikin jarida da aikin asibiti na Arewa a wannan yanki ya faru.

A nan kusa ne Kamfanin Gaskiya yake, wanda aka kafa a 1945, shekara shida bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 ƙarƙashin editanta Alhaji Abubakar Imam. Kwalejin Barewa ta dawo Zariya daga Kaduna a 1949. A Kongo aka yi makarantar horar da ma'aikatan mulki, wadda daga baya ta zama wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Haka kuma tsohon asibitin Tudun Wada shi ne ya kasance mazaunin Asibitin Koyarwa na jami'ar kafin a koma Shika a 2005. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare an yi ta ɗaukar hoto a gabansa: ɗalibai ranar kammala karatu, ma'aikata ranar ban kwana da wani shugaba, 'yan ƙwallo da kofinsu. Masu hoton ba ginin suka nufa ba, amma ga shi nan a bayansu da tagoginsa da barandarsa da rubutun da ke bisa ƙofa.

Akwai kuma gidajen jama'a. A tsakiyar ƙarni na ashirin attajirai da ma'aikata a Zariya sun yi yayin ƙawata fuskar zaurukansu da zanen dagi da sauran siffofi, har da keke da agogo da takobi da jirgin sama, ana yin su da ƙasa, daga baya kuma da siminti da fenti. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Kongo, ya fitar da ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, sa'an nan Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin su yana ɗaukar hoto, ya buga babban littafi a kansu a 2007. Wanda ya ɗauki waɗannan littattafai ya zaga unguwanni a yau zai tarar cewa da yawa daga cikin zaurukan an rushe su an yi shaguna, wasu kuma faɗaɗa titi ya cinye su. Ba ma zargin masu gidajen, domin iyali suna ƙaruwa, maginan ƙasa suna raguwa, kuma laso da makuba da ake shafe bango da su a da yanzu samun mai haɗa su sai an tona.

Yadda ake gane shekarun hoto

Mafi yawan hotunan da ke hannun jama'a ba su da kwanan wata. Duk da haka hoton da kansa yakan faɗi zamaninsa ga mai lura. Idan an ga tutar Ingila a bisa ofishin gwamnati, to kafin 1 ga Oktoba, 1960 ne. Idan motoci suna bin hannun hagu, to kafin watan Afrilu na 1972 ne, lokacin da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama. Allon shago mai farashi da fam da sule yana nuna kafin 1973, shekarar da naira da kwabo suka fara aiki. Allon da ke ɗauke da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya yana tsakanin 1967 da 1976 ne. Idan kuwa Sarki yana cikin hoton, aiki ya yi sauƙi: Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu daga 1959 zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. Bayan waɗannan, ana duba rufin kwano da turakun lantarki da girman itatuwa, a kwatanta da wani hoton na wuri ɗaya wanda aka san shekararsa. Sau da yawa ma hatimin mai ɗaukar hoto da ke bayan takardar ya isa, idan aka sami dattijon da ya tuna lokacin da wannan shago yake aiki.

Wajibi ne kuma mu ja hankalin mai karatu cewa hoto ba ya faɗin komai da komai. Turawan da suka ɗauki hotunan farko sun fi son abin da ya yi musu baƙo, saboda haka sukan juya wa rufin kwano baya su fuskanci soro, har mai kallo ya zaci garin bai sauya ba. Ba kasafai suke shiga cikin gida ba, don haka ɗakunan mata da tsakar gida da madafa ba su cika fitowa ba. Bayanin da ake rubutawa a ƙasan hoto ma yakan zo da kuskure, a kira ƙofar wani gari da sunan ta wani, ko a kira zauren wani basarake fadar Sarki. Irin wannan gyara sai ɗan gari.

Inda hotunan suke da yadda za a kula da su

Mai bincike zai iya farawa da Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙasashen waje, ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila ta sa dubban hotunan tsohon ofishin mulkin mallaka a intanet tun 2011, cikinsu har da na Nijeriya. Amma mun yi imani cewa kaso mai yawa na hotunan Tudun Wada ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan wurare. Yana cikin akwatunan ƙarfe da adaka da tsofaffin jakunkuna a gidajen 'ya'ya da jikokin malaman makaranta, da ma'aikatan Gaskiya, da na asibiti, da na jirgin ƙasa. A nan ne kuma haɗarin ya fi yawa, domin idan dattijo ya rasu aka zo rabon gado, takardu ne abin da ake fara zubarwa.

Abokan gabar hoto su ne danshi da gara da hasken rana. Kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingine da bangon da ke tsatsafo da damina. Kada a manne shi da gam ko salatif, kada kuma a kai shi a liƙe shi cikin leda da na'ura mai zafi, domin wannan aiki ba ya warwaruwa, kuma yana lalata fuskar hoton a hankali. A sa farar takarda mai tsabta tsakanin hoto da hoto, a riƙa kama shi ta gefe. Wanda ke rataye a bango shekara da shekaru gara a yi masa kwafi a rataye, a ɓoye na asalin. Idan an sami fim ɗin da aka wanke hoton daga gare shi, a adana shi fiye da hoton ma, domin ya fi ɗaukar bayani.

Kafin duk wannan, a zauna da dattijon gidan tun yana da rai da lafiya, a nuna masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta da fensir a bayan kowanne: wane gini ne, a wace unguwa, gidan wa ke maƙwabtaka da shi, wane magini ya yi shi idan an sani, da kuma shekarar da ake zato. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ɓullowa ta gaba. Bayan haka sai a ɗauki hoton a na'urar sikana, gaba da baya, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya, kada a dogara da wayar hannu kaɗai, tun da hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp ingancinsa raguwa yake yi. Wanda ya ga dama yana iya kai kwafi ga ɗaya daga cikin cibiyoyin da muka ambata, ya riƙe na asalin a hannunsa, tare da sharaɗin a rubuta sunan gidan da hoton ya fito a duk inda aka yi amfani da shi.