Yadda Turke Ɗaya Ke Ɗaukar Muryoyin Kasuwar Sara

Ranar da kasuwar Sara ta Gwaram ta ci, sai ka ga dillalin shanu yana juya waya a hannu: sabis a cike, amma kira ya ƙi shiga. Wayarsa lafiyarta ƙalau. Turken sadarwar da ke kusa ne ya cika maƙil, domin zangon iskar da hukumar NCC ke sayar wa kamfanoni ƙayyadadde ne, kuma da tsada. A gwanjon 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285 kafin ya samu lasisi.

Dabarar injiniyoyi ita ce raba wannan ɗan zango tsakanin jama'a. A tsarin GSM ana yanka shi tasha-tasha, kowace mai faɗin kilohaz 200, sannan a kasa lokacin kowace tasha gida 8. Wayar dillalin takan aika muryarsa cikin abin da ya ɗara rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ta yi shiru mutum 7 su aika tasu, layi ya sake zagayowa kanta. Saboda tsananin saurin, kunne ba ya jin giɓin. Idan gurabun suka ƙare, mai kira na gaba sai haƙuri.

Tsarin CDMA, wanda Starcomms da Visafone suka yi aiki da shi, ya bar kowa ya yi magana lokaci guda, amma da lambar sirri tasa, kamar yadda Bafulatani ke tsinto Fulatancin ɗan'uwansa cikin hayaniyar Hausa. MTN ta saye Visafone a 2016, kuma zangon megahaz 800 na cikin abin da ta hango. Ƙananan zanguna irin wannan sun fi cin nisa, abin da ƙauyukan da ke bayan duwatsun Birnin Kudu ke matuƙar buƙata.

Shi kuwa 4G yana tsaga zangon siri-siri, kilohaz 15 kowanne, yana sake rabo a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Sai dai duk iya rabo, turke ɗaya ba zai wadatar da kasuwa guda ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke son tura mai naƙuda Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, da mai POS da kuɗin mutane ya maƙale a hannunsa, ƙarin turaku suke jira, da wayar gilashi ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ke ɗaukar saƙonni da yawa a zare ɗaya, kowanne da launin haskensa.