Kwamfutar Mai Nutso Ba Ta San Gaibu Ba

A garuruwan ƙasar Masar da ke bakin Bahar Maliya, kamar su Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada, dubban baƙi ne ke sauka kowace shekara don su nutsa cikin teku su sha kallon kifaye da duwatsun murjani. Kowannensu yakan goya tukunyar iska a bayansa, sa'an nan ya ɗaura wata 'yar na'ura mai kama da agogo a wuyan hannu. Wannan na'ura ita ce kwamfutar nutso. Ita ke nuna masa zurfin da ya kai, da mintocin da ya yi a ƙasa, da waɗanda suka rage kafin hawa ya zama tilas. Amma akwai abu guda da ba ta iya ganewa da kanta, watau irin iskar da aka ɗura cikin tukunyar. Wannan sai an gaya mata.

Kafin mu fahimci nauyin wannan magana, ya kamata mu tuna da darasin kimiyya na makaranta. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, saura kuwa kusan duk naitirojin. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa a ruwan teku, matsin da ke kansa yakan ƙaru da kwatankwacin matsin iskar doron ƙasa. Ke nan a mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 30 ninki huɗu. Wannan matsi shi ke tura naitirojin cikin jini da tsoka. In mutum ya daɗe a ƙasa, ya kuma hau da gaggawa, sai iskar ta taso ta yi kumfa a jikinsa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an buɗe ta farat ɗaya. Sakamakon haka shi ne ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, wani lokaci ma har da rasa rai.

Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya bayyana wannan al'amari a 1878. A 1908 John Scott Haldane ya tsara wa sojojin ruwan Ingila jadawalin da ke nuna yadda mai nutso zai hau daki-daki. Bayansa Albert Bühlmann na birnin Zurich ya fitar da lissafinsa a 1983, wanda kwamfutocin nutso da yawa suke aiki da shi har gobe. A wannan shekara ce kuma aka fara sayar da wata kwamfuta mai suna Orca Edge a Amurka, ɗaya daga cikin na farko da suka sami karɓuwa.

To, tun da naitirojin ce ke kawo cutar, sai masana suka ga dabarar ita ce a rage ta a ƙara oksijin. Wannan haɗi shi ake kira naitiroks, kuma waɗanda aka fi amfani da su biyu ne: mai oksijin kashi 32 da mai kashi 36. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da harkokin teku da yanayi, ta buga ƙa'idojinsa a 1979, sa'an nan Dick Rutkowski ya fara koyar da shi ga masu nutson nishaɗi a 1985. Amfaninsa a fili yake. Bisa jadawalin ƙungiyar PADI, mai shaƙar iska zalla yana da minti 56 a zurfin mita 18, mai naitiroks 32 kuwa yana da minti 95. A mita 30, na farko minti 20 ne, na biyu minti 30.

Sai dai ita ma oksijin, in matsi ya yi mata yawa, guba takan zama. Takan taɓa ƙwaƙwalwa ta jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, sau da yawa ba tare da wata alama ba, bututun numfashi ya suɓuce daga bakinsa, ya sha ruwa. Saboda haka aka yi mata iyaka, kada ƙarfinta ya wuce 1.4. Lissafin ba wuya: a ɗauki kason oksijin a ninka da matsin wurin. Naitiroks 32 a mita 30 shi ne 0.32 sau huɗu, watau 1.28, babu laifi. A mita 40 kuwa sau biyar ne, watau 1.6, an ƙetare iyaka. Don haka naitiroks 32 ba ya wuce mita 33, mai 36 kuwa mita 28. Ke nan naitiroks ba na zurfi ba ne, na daɗewa ne.

A nan ne saitin kwamfuta ya shigo. Kusan kowace tana da saitin iska zalla, inda take ɗauka oksijin kashi 21 ce, da saitin naitiroks, inda mai nutso zai shigar da kason da hannunsa. Kuskuren da ake yi iri biyu ne. In kwamfuta tana kan 32 alhali iska zalla ce a tukunya, za ta ba shi minti 95 a inda hakkinsa 56 ne, ya fito jikinsa cike da naitirojin yana zaton lafiya lau. In kuwa tana kan iska zalla alhali naitiroks 36 yake shaƙa, za ta bar shi ya gangara mita 35 ko 40 ba ta yi ko ƙara ba, domin a lissafinta babu haɗari. Kuskuren farko yakan kai mutum asibiti, na biyu kuwa yana iya hana shi fitowa.

Har ila yau kwamfutocin ba halinsu ɗaya ba. Wata takan riƙe kason da aka sa mata jiya har sai an canja, wata takan koma 21 da kanta bayan waɗansu sa'o'i. Akwai kuma waɗanda in an yi nutso da saitin naitiroks ba sa yarda su koma na iska zalla sai bayan lokaci mai tsawo. Dabarar a nan ita ce a bar ta kan naitiroks a sa mata 21. Kwamfuta tana kuma riƙe da lissafin naitirojin da ta rage a jiki daga nutson baya, shi ya sa ma ba a aron ta wani a tsakiyar yini, ba a kuma yin tarayya a guda ɗaya.

Ƙa'idar da malaman nutso ke koyarwa gajera ce. Tukunyar naitiroks takan zo da tambari kore da rawaya, amma tambari ba shaida ba ne. Lalle ne mai nutso ya gwada iskar da kansa da na'urar awon oksijin, bayan ya daidaita ta da iskar waje ta nuna 20.9. Sa'an nan ya rubuta kason da iyakar zurfin da sunansa a jikin tukunyar, ya shigar da kason cikin kwamfuta, ya sake dubawa kafin ya faɗa ruwa. Haka zai yi duk lokacin da ya canja tukunya, ko da sau huɗu ne a yini.

Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kwamfuta ba ta gajiya da lissafi, ba ta kuma mantuwa, amma abin da aka gaya mata shi take lissafawa. Aikin minti biyu a kan jirgi, na awo da dubawa, har yanzu yana wuyan mai nutso.